Kwabban Rumawa da Bajimin Jauro

Kwabon Rumawa idan ya fara zuwa hannunka ba ya kama da kuɗi. Kama yake da busasshen kashin akuya da aka taka. Abin da za ka fara yi shi ne ka jefa shi cikin ruwan sama, ba na rijiya ba, domin na rijiyarmu akwai kanwa-kanwa. In ya jiƙa sai ka tsame, ka sa shi a kwalbar man gyaɗa, ka manta da shi. Wani sai damina ta zagayo kafin ƙasar da ta manne masa ta yarda ta saki. Sannan ka samo ƙayar aduwa, ka zauna inda haske yake, ka riƙa ɗaga dattin kaɗan-kaɗan kamar mai cire wa jariri abu a kunne. Ba a sa allura. Ba a sa toka, ba a sa tsamiya, ba a sa lemun tsami. Koren nan da ke jikinsa shi ne rigarsa, kuma rigar ake saye.

Na fara da wannan ne saboda ku samarin da kuke sallama a zaurena da waya a hannu, kuna cewa kun ga an sayar da tsohon kwabo da kuɗin mota, in koya muku kafin la'asar. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Mijina ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma har yau ban daina kukansa ba, ba na kuma ɓoyewa. In kuka ga magana ta tsinke a wani wuri, kun san dalili.

Malam, mijina, mutanen Kazaure suna ce masa Mai Kayan Da. Yana sayen tsofaffin takubba da anini da zobba a ƙauyuka, ya kai Kano ya sayar wa baƙi. Wata shekara wani Buzu da ke kawo masa kaya daga Agadas ya zo da wata jakar fata cike da waɗannan 'yan kwabbai, ya ce daga can bayan hamada suke, mutane na tsintarsu a kufai in iska ta kwashe rairayi. Malam ya saya don kunya. Wani Baturen makaranta a Kano ne ya gaya masa na sarakunan Rum ne na ƙarshe-ƙarshe, lokacin da mulkinsu ya fara lalacewa, shi ya sa kuɗin suka ƙanƙance suka koma tagulla. Ya ba shi wani littafi mai hotuna da madubin ido irin na masu gyaran agogo.

Ni kuma yadda na shiga, ina tsintar tsakuwa a shinkafa ne, Malam ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wannan ido asararsa ake yi a kan shinkafa."

Na ce, "To ka ci da tsakuwar yau, ka ga ko asara ce."

Ya ajiye mini kwabo ɗaya a faifan, ya ce in gaya masa me na gani. Na ce na ga wani mutum mai ƙaton wuya yana jin haushi. Ya buɗe littafi, sai ga mai ƙaton wuyan nan yana jin haushinsa a shafi. Daga ranar aka raba aiki: shi karatu da ciniki, ni wanki da gane fuska.

Sunayensu na littafi ba su zauna mini a baki ba, sai na raɗa musu nawa. Akwai Ƙaton Wuya. Akwai Mai Kallon Sama, wanda ya ɗaga ido kamar mai duban hadari. Akwai 'ya'yansa da suke kama da juna kamar an tsaga kara, ba ka raba su sai da abin da suka ɗaura a ka, ko duwatsun ado ko ganye. In fuska ta shafe sai ka juya baya. Wani sojoji biyu ne tsaye da tuta a tsakaninsu. Wani ƙofar gari ce da tauraro a sama. Wanda ya fi yawa, soja ne yana soke mahayin da dokinsa ya faɗi. Wannan mahayi na gan shi ya fi sau dubu, ko sau ɗaya bai tsira ba. A ƙasan kowane akwai layi, ƙarƙashin layin akwai 'yan baƙaƙen da ke faɗin garin da aka buga shi. Ni ina ganinsu ne kamar tsani da maciji da ƙugiya, in faɗa wa Malam, shi kuma ya faɗi garin. Kowane kwabo da kwalin ashanarsa, kowane sarki da layinsa a cikin akwati. Gidanmu babu mai shan taba, amma mai kantin unguwa ya ɗauka muna da wata sana'a ta ƙone-ƙone.

Masu saye kuwa, ba duka ne masu tarawa ba. Mata na zuwa neman wanda za a ɗaura wa jariri a cibiya. Wani dattijo ya ga mai hoton karyar daji tana shayar da tagwaye, ya yi salati, ya ce a wace ƙasa ake buga abin kunya a kuɗi, ina dangin uwarsu suke. Bai tafi ba sai da Malam ya kife kwabon. Akwai kuma na jabu, da wasu maƙera suke zubawa su binne a turken awaki don ya yi kore. Shi wannan ba ya bukatar madubi. Ka kai shi hanci kawai.

A cikinsu duka akwai ɗaya da ba na sayarwa ba. Sarakunan nan duk askakku ne kamar sababbin 'yan sanda, sai shi kaɗai ya tara gemu. Kwabonsa ya fi sauran faɗi, a bayansa kuma akwai bajimin sa a tsaye da taurari biyu a kansa. Ni na wanke shi da hannuna, kuma ranar da gemun ya fito daga cikin ƙasa na ajiye ƙaya na kira Malam. Shi ne. Hancin, gemun, yadda ya turo leɓe kamar an taya kayansa da arha, duk na Malam ne. Malam mutum ne da bai yarda a ɗauke shi hoto ba, ko a bikin 'ya'yansa in ya ga an ɗaga waya sai ya juya ƙeya. In an matsa masa sai ya zaro Mai Gemu daga aljihun gaba, ya kara a kumatu, ya juya gefe, ya ce, "Ga hotona nan. An riga ku ɗauka." Da ya rasu, wannan kwabo shi ne kaɗai fuskarsa da ta rage a duniya, kuma shi kaɗai nake so.

Mummunar shekara a sana'armu ba ta fari ba ce, ba kuma shekarar da hanyar hamada ta lalace Buzu ya daina zuwa ba. Shekarar rabon gado ce.

Ina cikin takaba, ina ɗaki, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ga liman, ga 'ya'yana, ga Ado ƙanin Malam, wanda tun ina amarya muke wasa da shi. An gama da gona da awaki, aka jawo akwatin. Ina jin komai ta labule.

Liman ya ce, "Wannan kuɗi ne ko kaya? In kuɗi ne a ƙirga. In kaya ne a yi masa ƙima."

Ado ya ce bari ya gwada. Ya ɗauki ɗaya ya fita wajen mai shayi, ya dawo ya ce, "Allah gafarta Malam, ba kuɗi ba ne. Ya ce in maido masa da burodinsa."

Liman ya ce to kaya ne, wa ya san ƙimarsa. Babban ɗana ya ce Inna ce kaɗai ta sani. Liman ya ce ai Inna tana da tumuninta a ciki, mai rabo kuwa ba ta yi wa abin da za ta ci ƙima. Aka yi ta juya magana. A ƙarshe liman ya ce abu ne ƙanana, mai yawa, launinsa ɗaya, saboda haka hukuncinsa hukuncin hatsi. A auna.

Na ɗaga murya na ce, "Ado, kada ku juye kwalayen nan."

Matan da ke taya ni zama suka riƙe ni, suka ce mai takaba ba ta ɗaga murya. Ado ya ce daga waje, "Matar Yaya, ki kwantar da hankalinki, ba za a cuce ki ko ƙwaya ɗaya ba."

Sai na ji ana zazzagewa. Ƙarar kamar ta ruwan farko a kan kwano. Aikin da muka yi tun ina goyon autana ya taru ya zama tsibi ɗaya. Liman ya ce a cakuɗa sosai saboda adalci, na ji Ado ya sa hannu yana juyawa kamar mai jiƙa gero. Aka kawo gwangwanin tumatir. Aka yi gardama ko a tula ko a shafe baki, aka tsaya a kan shafewa. Mace gwangwani ɗaya, namiji biyu. Ado ba shi da gado tunda akwai 'ya'ya maza, amma aka tsakura masa na wahala. Kwalayen ashanan ma da babu komai a ciki sai da aka raba, aka kawo mini tumunina.

Da aka shigo mini da kasona na zube a faifai na duba ɗaya-ɗaya. Babu Mai Gemu. Na aika a tambayi Ado ina abin da ke aljihun rigar Malam. Ya aiko cewa ai shi mai tsoron Allah ne, ya jefa a tsibi, gado ne.

Ranar da na fita takaba ban je gaishe-gaishe ba, mota na nema. Na fara da Babura wajen 'yata Dije. Ta tare ni da murna, ta ce in zo in ga abin da ta yi wa kayan Baba. Ta goge su da toka da lemun tsami, ta jera a cikin kabet tsakanin tangaran, suna ƙyalli ja wur, babu mai sauran hanci a cikinsu. Na bi su da yatsa ina kuka, ita tana tsammanin daɗi ne ya yi mini yawa. Babu mai faɗin Mai Gemu a ciki, na gode wa Allah. Daga nan Gwiwa wajen ɗana Sani. Shi yana rufin ɗaki ne, kafinta ya ce babu abin tare kan ƙusa, sai ya huda nasa aka yi aiki da su. Na tsaya a tsakar gida ina kallon sarakunan Rum a jere a kan kwano suna riƙe wa Sani rufi. Ya rantse babu mai hoton sa a ciki, don da ya gani da ya tuna.

Na bi sauran 'ya'yan ɗaya-ɗaya, babu. Saura Ado a Roni. Na same shi a gindin bishiya yana gyaran keke.

Ya ce, "Matar Yaya, har kin fito? To yanzu sai maganar aurenmu."

Na ce, "Ko kai kaɗai ka rage sai in auri keken. Ina kasonka?"

Ya ce yana nan, ban da guda ɗaya mai hoton sa. Abokinsa Jauro, mai shanu a rugar bayan dutse, ya gani ya ce wannan maganin garke ne, tunda ga bajimi ga taurari sun sauko masa. Ya ara.

Jauro ya karɓe mu da fura, ya ƙi haɗa ido da ni. Da ƙyar ya ce yana sa kwabon ne a kwamin da yake jiƙa wa shanu dusa da kanwa, don albarkar ta shiga ruwan. Ran nan yana tsaye, farin bajiminsa ya kai harshe ya lashe ƙasan kwamin, ya ɗago kai, kwabo ya tafi.

Ya ce, "Goggo, wallahi a gabana. Na ce masa tofar, bai tofar ba."

Na ce a nuna mini shi. Ga shi can, fari, mai tozo, yana tuƙa yana kallona ba kunya. Na tsaya a gabansa ban san lokacin da na ce, "Sannu, Malam," ba. Ado ya fara dariya, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta.

Na tare a gidan Ado. Kullum da safe in ɗauki rariya da tulu in bi bajimin nan. Inda ya sauke, nan nake durƙusawa in jiƙa in tace. Ku da kuke cewa sana'a ce mai sauƙi, wannan ma yana cikinta. Matan ruga suka ɗauka wani sabon magani ne, har wata ta tambaye ni ko na ciwon baya ne. Na samu tsakuwa, na samu ƙwallon magarya, ban samu Malam ba. Sai sarkin fawan garin ya tsaya a kaina wata rana, ya ce, "Inna, ki daina wahalar da gwiwarki. Ƙarfe ba ya wucewa. Akwai wani ƙaramin tumbi mai zanen saƙar zuma, can yake zama. Sai ranar wuƙa."

Na ajiye rariya, amma ban daina zuwa ba. In je in zauna a inuwa kusa da shi, in ba shi harawa, in gaya masa abin da Dije ta yi da abin da Sani ya yi. Jauro ya ce tunda yake bai taɓa ganin sa ya yi ƙiba da labari ba sai wannan. Ƙibar ce ta jawo masifa. Da sallah ta matso, dillalai suka gan shi, Jauro ya ce zai sayar wa fatake masu lodi zuwa kudu. Ya ce ba don ya ƙi ni ba, amma sa ne, kuma lokacinsa ya yi.

Na je na tsaya a kan Ado na ce, "Kai ka jefa yayanka a tsibi, kai ka ara wa Jauro shi. Yanzu za a sa shi a tirela a kai shi Ikko, garin da bai taɓa zuwa ba yana da rai. Ka fito da shi."

Ya ce, "Ni ina na ga kuɗin sa? Keke gare ni."

Na ce wannan shi ya sani. Na zauna a zaurensa na ce ba na ci ba na sha. Matarsa ta kawo tuwo na mayar. Kafin azahar ɗin washegari Ado ya fita, ya bi gida-gida yana haɗa watanda, yadda ake yi in sallah ta zo, a taru a sayi sa ɗaya a yanka a raba nama kashi-kashi. Ya kira 'ya'yana a waya ya ce kowa ya shiga, ubanku ne a ciki. Liman ma da labari ya kai masa Kazaure ya aiko a sa masa kashi ɗaya. Ni na ce ba na son nama, a bar mini kayan ciki.

Ranar yanka na ƙi kallo. Na yi wa bajimin nan sabo, kuma bai yi mini laifin da ya sani ba. Na juya baya har aka gama. Mata ba sa zuwa wajen fiɗa, amma babu wanda ya ce mini in tashi. Sarkin fawa ya ware ƙaramin tumbin ya ajiye a kan ganye a gabana, ya tsaga. Aka fito da leda. Aka fito da ƙusa biyu, da guntun waya, da wani cokalin shayi da Jauro ya ce tun bara matarsa take zargin maƙwabciya a kansa. Sannan ya sa yatsa cikin saƙar zuman ya zaro wani abu mai faɗi, ya miƙo mini.

Na ce a ba ni ruwa. Na wanke a hankali da tafin hannu. Rigarsa ta ɗan yi duhu amma tana nan, babu abin da ya ci. Na fara duba baya: ga sa, ga taurari biyu, ga baƙaƙe ƙarƙashin layi. Mutanen watanda duk sun bar nama sun zagaye ni. Na juya.

Wani mutum ne mai gemu. Hancinsa dogo, na Malam kuwa gajere ne mai faɗi. Idonsa ƙato, a buɗe, na Malam ƙanana ne masu dariya. Na karkata shi wajen haske, na matso da shi, na nesanta. Idona na aiki ne, ba ya yi mini ƙarya ko ina so. Wani sarkin Rum ne da ban taɓa haɗa komai da shi ba. Sai a lokacin na gane ban taɓa kallon kwabon nan shi kaɗai ba tun ranar da na wanke shi. Kullum a kumatun Malam nake ganinsa, Malam ya juya gefe, ya turo leɓe, ya ƙanƙance kansa don ya yi kama da shi. Shi yake yin kamar, ba kwabon ba.

Ado ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Matar Yaya, shi ne?"

Na ce, "Kwabon ne."

Ya karɓa ya duba, ya daɗe. Ya kara a kumatunsa, ya juya gefe, ya turo leɓe yadda yayansa yake yi. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma bai iya ba. Ya sauke hannu ya sa mini kwabon a tafi, ya rufe yatsuna a kai. A nan, a gaban mahauta, da tumbi a gabana da ƙuda suna bina, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da Malam. Babu wanda ya ce in yi shiru. Nama ya jira har na gama.